Gwiwar Inna da Ƙayar Bakin Kanal

Inna ba ta fita yawo. Ba ciwo ne ya kawo haka ba, tun muna yara a Maraɗi halinta ke nan. Tana zuwa gaisuwar mutuwa, tana zuwa barka, tana iya takawa daga wannan ƙarshen gari zuwa wancan don kawai ta mayar da kwanon da aka aiko mata da tuwo a ciki. Amma a ce mace da hankalinta ta yafa mayafi ta fita, ba aike ba gaisuwa, ta kewaya ta dawo hannu rabbana, wannan a wurin Inna alamar taɓin hankali ce. Shi kuwa likitan Paris abin da ya ɗora mata ke nan.

Aikin gwiwar dama aka yi mata. Yayana da ke zaune a Stains, kusa da Paris, da iyalinsa shi ya yi ɗawainiyar kawo ta, aiki kuma ya yi kyau. Likita ya ce nasa ya ƙare, saura nata: ta riƙa tafiya kullum, tana lanƙwasa ƙafar, in ba haka ba gwiwar za ta sandare a yadda take. Inna ta saurara har ya gama, sannan ta sa Yaya ya tambayar mata abu ɗaya. Za ta sake kai goshinta ƙasa? Shekara uku ke nan tana salla a kan kujera. Malamai sun gaya mata ya halatta, ta kuma yarda ya halatta, amma abin yana cin ta a rai, mu duka mun sani. Likita ya ce ba zai yi mata alkawari ba. Wasu suna samu, wasu ba sa samu, sai dai wadda ta zauna wuri ɗaya ba ta cikin masu samu.

Yaya ya yi iya ƙoƙarinsa. Gidansa a hawa na shida yake, asansar ɗin da ke kai mutane sama kuwa ranar da ya ga dama yake aiki. In ya ce, "Inna, mu sauka mu sha iska," sai ta nuna masa taga ta ce ga ta nan tana shigowa. Wata guda ana haka. A farkon Agusta ya kira ni, ko gaisuwa bai tsaya ya ƙarasa ba, ya ce, "Ke kin fi ni baki. Zan kawo miki ita Lyon ki gwada naki."

Ni a Vaulx-en-Velin nake, a gefen Lyon, hawa na biyu, ɗaki biyu da 'yar baranda. Bakin nawa da ake yabo bai tsinana komai ba.

"Inna, tashi mu ɗan taka."

"Zuwa ina?"

"Nan kusa, mu dawo."

"Wa ke can?"

"Ba kowa."

"To mi za mu ɗauko?"

"Ba komi. Tafiyar ita ce maganin, haka lokotoro ya ce."

"Ke dai boko ya gama da ke. In mutane sunka gan ni ina gewaya hili ba dalili, mi za su ce? Su ce tsohuwar Maraɗi ta zo Faransa ta zautu."

Na ce mata ai nan ba wanda ya san ta. Ta ce Allah ya san ta. Sandar da aka ba ta a asibiti, mai lanƙwasasshen kai, ta jingine ta a bayan ƙofa tana shanya tawul a kanta. Sau biyu a mako nake kai ta wurin matar da ke motsa mata ƙafar, wadda muke kira kine, kuma duk zuwa sai matar nan ta dube ni ta girgiza kai kamar ni ce na ƙi tafiya. Tsoro ya fara kama ni sosai, don na ga kwanaki suna wucewa gwiwar tana nan yadda ta zo.

Aikina a lokacin shi ne karatun tsofaffin jaridu. Ina rubuta kundin digirina na uku ne a kan abin da ma'aikatan masaƙun Lyon suke ci shekaru ɗari da suka wuce. Wasu jaridun suna babban ɗakin karatu na gari, wasu kuwa sai na bi jirgin safe na je Paris, na wuni gaban allo ina murza shafuka har idona ya yi ja. Inna ta kasa gane yadda wannan ya zama sana'a. Ta ce labarin da ya kwana ɗaya ma ya yi tsami, ni kuma na zauna ina karanta na mutanen da ƙasa ta gama cinyewa.

A cikin waɗannan jaridun na fara sanin mur. Ɗan itace ne baƙi, girman kan babban yatsa, jikinsa ƙulli-ƙulli, yana fitowa a jikin wata ƙaya mai yaɗo da ke cin gefen hanya da bakin layin dogo. In zafi ya yi, manya suka tafi hutu, labari ya ƙare wa 'yan jarida, sai su koma kansa su cika shafi. Wannan ya koya wa matan gida yadda ake dafa shi da sukari, wancan ya ce ganyensa maganin ciwon maƙogwaro ne, wani ya kawo labarin yaran da suka gudu daga makaranta baƙin leɓensu ya tona musu asiri. Har cikin maganar yau da kullum ya shiga. In marubuci yana so ya ce abu ya yi yawa har ya zama banza, da mur zai auna shi. In kuma yana so ya yi wa wani babba shaguɓe don ya faɗa aiki ba shiri, sai ya tuna masa da sanda mai ƙugiya da masu tsinkar mur suke riƙewa. Shekara biyu ina kwafe irin waɗannan a littafina, da lambar shafi da komai, ban taɓa sa ko ƙwaya ɗaya a bakina ba.

Wata Talata ana gyaran titi, bis ya sauke mu nesa da inda ya saba, sai na bi hanyar bakin kanal, babbar magudanar ruwan da ta ratsa bayan unguwarmu. Can na hango mata biyu da bokiti sun tusa kai cikin wani dogon shingen ƙaya. Na matsa na duba, sai ga mutumina, baƙi wuluk, reshe-reshe. Na tsinki cike da tafin hannu, ƙaya ta karce ni sau uku, na ƙulle a hankici na kawo gida.

Inna ta ɗauki ɗaya ta juya, ta shinshina, ta yi bisimilla ta jefa a baki. Ta tauna a hankali.

"Wanga kamar ɗinya ce ta auri tsamiya," ta ce, ta ɗauki na biyu.

Tun da ta zo ƙasar nan shi ne abu na farko da ta ci ba ta ce salam yake ba. Tana kan na bakwai ta tambaye ni a wace kasuwa na samo shi.

"Ba saye na yi ba, tsinkowa na yi a hanya."

Hannunta ya tsaya. "Gonar wa?"

"Ba gona ba ce, Inna, shinge ne."

"Shingen wa?"

"Ba na kowa ba ne. Haka yake fitowa da kansa."

"Ke! Ƙaya ta jeru bisa layi, ki ce mini ba ta da mai ita? Wa ya taɓa yin shinge ba ya da abin da yake tsarewa?"

Na jawo iliminna. Na ce jaridu duk sun nuna abincin talaka ne da tsuntsu, kowa ya samu ya ci.

"Jaridar matattu za ta tsaya mini gobe ƙiyama? Kin ba ni abin mutane na ci guda bakwai."

Na ji haushi, gaskiya. Na dawo da karce a hannu, ko sannu ban samu ba, an mai da ni ɓarauniya. Na kwashe ragowar na tura firji.

Da safe na fito daga wanka na tarar da ita tsaye bakin ƙofa, ta yafa mayafi, ta sa takalmi.

"Ina zuwa, Inna?"

"Wurin mai shinge, in nemi gahwara. Ki wuce gaba ki nuna mini hanya."

Na buɗe baki zan ce babu wani mai shinge, sai Allah ya taimake ni na haɗiye maganar. Na zura riga a gurguje. Da na ga za ta fita hannu sake, na ce mata a jaridun nan wanda ya tunkari ƙayar mur ba sanda mai ƙugiya, dariya ake yi masa. Ta dubi sandar bayan ƙofa, ta cire tawul, ta juya ta sama ƙasa tana duba lanƙwasar kan.

"Ashe ƙugiya ce, sunka ce mini sandar tsohuwa."

Ta riƙe ta muka fita. A hanya na ga tana dogara ta, na yi kamar ban gani ba, ita ma ta ce gwada ƙarfinta take yi.

Ranar farko bencin gaban kantin magani kawai muka kai, muka huta muka juyo. Ta biyu muka hango ruwa. Ta uku muka kai shingen, Inna ta tsaya ta ƙare masa kallo, ta leƙa ta wata kafa, sannan ta juyo ta dube ni irin kallon da take yi mini tun ina aji uku. A bayan ƙayar 'yan lambuna ne jere, kowanne da bukkarsa ta katako, da wake da tumatir da kabeji. Ni shekara huɗu ina unguwar ban san da su ba. Ba mu tarar da kowa ba ran nan, haka ma washegari. Ba ta taɓa ko ƙwaya ɗaya ba, ta dai riƙa jawo reshe da sandarta tana dubawa tana sakewa.

A rana ta biyar muka ji ƙarar almakashi. Wani tsoho ne ɗan Fotugal, gajere mai faɗin kafaɗa, tsohon magini, yana datse ƙayar da ta kutso cikin wakensa yana zaginta da harshensu. Inna ta yi sallama, ta gyara tsayuwa, ta ce in fassara. Ina kwana, ina gajiya, ina iyali, yaya aiki, yaya zafi, yaya muka ji da ƙaya. Ina juyawa zuwa Faransanci ɗaya bayan ɗaya, tsohon yana amsawa da "sa va, sa va," yana ja da baya kaɗan-kaɗan, da alama ya ɗauka wani abu muka zo sayar masa. Da gaisuwa ta ƙare ta ce in gaya masa ta ci 'ya'yan shingensa guda bakwai ba da saninsa ba, ta zo ya yafe mata.

Sai da na maimaita sau biyu. Ya dube ni, ya dube ta, ya fashe da dariya har ya dafa gwiwa. Ya ce wannan ba shingensa ba ne, abokin gabarsa ne, tun da ya karɓi lambun yake yaƙi da shi, yana sarewa yana dawowa.

"Tambaye shi, saiwar ta wane gefe take?"

Ya sunkuya ya duba. Ya ce to, wannan dai ta gefensa take.

"To nashi ne. Ya yahe ko bai yahe ba?"

Tsohon ya ga da gaske take. Ya daina dariya, ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, ya ce ya yafe bakwai ɗin, ya kuma ba ta duk abin da ke jikin ƙayar har da saiwar in za ta iya tumɓukewa. Ran nan muka cika kwanon roba. Kafin mu tafi ta ware kashi ɗaya ta zuba masa a ganyen kabeji ta ɗora a kan dangarsa, ta ce rabon mai gona ne. Ya ce ba ya so, ta ce ba tambayarsa ta yi ba.

Mako na gaba na je Paris. Na ce bari in nemo hujjar da zan kawo wa Inna don ta san ban yi sata ba. Abin da na tarar ya kashe mini baki. Ashe tsofaffin jaridun nan da nake taƙama da su cike suke da wannan gardamar. Masu gonaki suna kuka ana tattake musu shuka da sunan tsinkar mur, masu gadin ƙauye suna kora yara, masana doka suna bayani cewa ɗan itace na mai ƙasar da ya tsiro a kanta ne, kawai dai an saba ana kau da kai. Ni da nake neman abin da mutane suka ci, ban taɓa tsayawa a waɗannan shafukan ba. Na zauna gaban allo ina dariya ni kaɗai har mutumin da ke kusa da ni ya yi gyaran murya. Da yamma na biya Stains na ba Yaya labari, ya ce, "Ke dai tana tafiya ko?" Na ce tana tafiya. Ya ce to ko shugaban ƙasa take nema a nuna mata hanya.

A jirgin dawowa dabara ta zo mini. Shingen nan dogo ne, lambunan bayansa kuma kowanne da mai shi. Na shiga gida na ce, "Inna, kin yi gaskiya, jaridu ma sun bi bayanki." Ta ce da ma. Na ce to ai izinin tsohon nan iyakarsa ƙarshen wakensa, daga can gaba na wasu ne. Ni da na rantse ba na kowa ba ne, ni na dawo ina raba wa ƙaya iyayen gida. Haka muka riƙa bin lambunan ɗaya bayan ɗaya, kullum muna ƙara nisa, Inna tana gaisuwa ina fassarawa. Kafin ƙarshen wata duk masu lambun sun san ta, in sun hango mayafinta sai su ɗaga hannu tun daga nesa su yi ihun sun yafe. Wata rana muna hutawa a benci ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Kina tsammanin ban gane abin da kike yi ba?" Na ce me nake yi? Ta ce in miƙo mata ruwa.

Matsalar da ta biyo baya ta yawa ce. Firji ya cika, mur kuwa ba ya kwana biyu bai fara laushi ba. Inna ta yi abin da kowace mace a garinmu za ta yi da abin da ya yi yawa, wato shanya. Ina wurin aiki ta shimfiɗa tsohon zane a baranda ta baza su a rana, yadda take yi wa tumatir da kuɓewa. Abin da ba ta sani ba, shi wannan ba ya bushewa, narkewa yake yi. Ruwansa ya jiƙa zanen, ya bi gefen baranda yana ɗiga. A ƙasanmu kuwa wata dattijuwa 'yar Aljeriya ta shanya fararen zannuwan gadonta.

Na dawo na tarar da ɗaki ba kowa, ƙofa a buɗe. Sai na jiyo muryar Inna daga hawa na ɗaya. Ashe da ta leƙa ta ga ɓarnar, ba ta tsaya jiran asansar ba, ta kama ƙarfen matakala ta sauka taki ɗaya-ɗaya don ta ba da haƙuri. Matakalar da kine ta yi makonni tana roƙonta ta gwada. Na shiga na same su a kicin, ba mai jin harshen wata, sai "astagfirullah" da "alhamdulillah" suke musaya. Maƙwabciyar ta ɗaure zanen a bakin baho, ta ɗaga butar tafasasshen ruwa sama tana tsiyayawa a kan tabon, yana gushewa a gaban idonmu, Inna tana tafa hannu. Daga nan matar ta ɗauko tukunya ta nuna mata yadda ake dafa mur da sukari da ɗan lemun tsami har ya yi kauri. Inna ta lasa a cokali ta ce, "Wanga ai maɗi ne. Ce mata mu ma muna yi da ɗinya, namu ya ma hi ƙamshi." Rabin farko kawai na fassara.

Maɗin nan shi ya buɗe mata gari. Kowace kwalba aike ce. Ɗaya ga maƙwabciya, ɗaya ga tsohon magini, ɗaya ga kine, wadda ta karɓa tana cewa ƙafar ta fara jin magana, amma kada a matsa mata. Da Inna ta ji akwai ɗalibai 'yan Damagaram da Tawa a wajen jami'a, ta sa na kai ta har da hawa metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ta raba musu kwalabe, ta yi musu faɗa a kan yadda suka rame. Uku kuma na kai Stains a jakar littattafaina, ɗaya ta tsiyaye a kan takardun babi na huɗu. Har yau in na buɗe fayil ɗin nan sai na ga shuɗin tabon.

Duk da haka salla tana nan a kan kujera. Wani lokaci in ta idar sai in ga ta dafa bango ta ɗan lanƙwasa ƙafar, ta yi ƙasa kaɗan, ta tsaya, ta miƙe. Ba ta magana a kai, ni ma ba na yi. Tsoron faɗuwa take ji, da tsoron ta gwada ta kasa ta san ƙarshen maganar ke nan.

Da Satumba ta yi nisa na ba ta labarin wani camfi da jaridun suke maimaitawa duk shekara, wai in watan ya ƙare Shaiɗan yana bi ya tofa wa mur yawu, daga nan ba a ƙara ci. Inna ta yi a'uziyya ta ce, "Ashe su ma sun san shi." Tsohon magini ya ce shi bai taɓa gamuwa da Shaiɗan a lambunsa ba, amma gaskiya ne in ruwan kaka ya fara sauka 'ya'yan suna yin fumfuna da tsutsa. Inna ta ce ko ma wane ne, gara mu riga shi.

Asabar ɗin ƙarshe ta watan muka fita bayan azahar. An yi ruwa kwana biyu, ciyawa da danshi, iska ta fara sanyi. Na saman shingen duk sun lalace, wasu sun bushe a reshe, wasu sun yi fari-fari. Muka bi layin har wurin tsohon nan ba mu rufe gindin kwano ba. Yana can ciki yana tone dankali, rediyonsa a rataye a danga tana waƙa. Sai Inna ta ɗaga wani reshe da sandarta, ta ce in duba. Can ƙasa, kusa da saiwa, inda ganye ya tare ruwa, ga wani gungu manya-manya, baƙaƙe suna sheƙi.

Na ce ta bari in ɗebo. Na tusa kai, ƙaya ta kama ɗankwalina, na ja ta kama gashina, na sa hannu ta kama hannun riga. Ina nan ina fama ina tsaki, Inna tana cewa mutum ya yi digiri uku bai iya shiga ƙaya ba. Da na samu na ɓalle na juyo, ban gan ta a tsayinta ba. Tana ƙasa. Gwiwar hagu a kan ciyawa, ta dama ma a kan ciyawa, hannu ɗaya ya dafa sanda, ɗaya ya shige ƙarƙashin reshe yana tsinka.

Na tsaya cak. Na ji tsoron in yi magana ta firgita. Ta tsinki ɗaya, ta tsinki biyu, ta miƙo hannu baya tana neman kwano, ban ba ta ba. Ta juyo za ta yi mini faɗa, sai ta ga daga ƙasa take kallona. Ta dubi gwiwoyinta. Ta daɗe tana dubansu.

"Ke."

"Na'am, Inna."

"La'asar ta yi?"

Na duba waya. Na ce ta yi.

"Da alwallata. Ina gabas?"

Na nuna mata alƙibla, can wajen bukkar tsohon, ta ɗan karkata kudu. Na ce ta yi zamanta yadda take ta yi sallar daga nan, tunda ta riga ta sauka, kada a tsokani gwiwar.

"A'a. Wagga saukowa ta mur ce. Kama ni in miƙe, in sake saukowa da niyya."

Na kama ta ta miƙe, da ƙyar, tana cije leɓe. Na cire rigar sanyina na shimfiɗa mata a kan ciyawa. Ta gyara mayafi ta yi kabbara, yatsunta shuɗi har wuyan hannu. Na koma gefe na tsaya ina riƙe da sanda da kwano. Ta yi ruku'u, ta ɗago. Sannan ta fara yin ƙasa a hankali, hannu tukuna, sai gwiwar hagu, sai ta tsaya. Na taka ɗaya zan tare ta. Sai gwiwar dama ta bi. Rigar tawa ta yi mata gajarta, goshinta a kan ciyawa ya sauka.

Can cikin lambu na ji waƙar rediyo ta yanke. Tsohon ya kashe ta, ya tsaya da cebur a hannu yana kallon wani gefe.

Ta daɗe a sujadar nan. Ta daɗe har na fara tunanin ko ta kasa ɗagowa ne, sai na ga kafaɗunta suna motsi, na gane ba gwiwa ce ta riƙe ta ba. Raka'a huɗu ta yi, kowacce da saukarta da tashinta, ba ta nemi hannuna ko sau ɗaya ba. Ni kuwa kuka nake yi sosai, irin na yara, da majina da komai, ban damu da masu keke da ke wucewa ba.

Da ta yi sallama ta zauna ta gama addu'arta, ta shafa, ta dube ni.

"Kukan na mi ne kuma? Zo ki ɗaga ni, ƙasar Faransa da sanyi."

Na ɗaga ta. Wani ɗan ganyen ciyawa da jiƙaƙƙiyar ƙasa sun manne mata a tsakiyar goshi. Na kai hannu zan share, ta riƙe mini wuyan hannu.

"Bar shi," ta ce.

Haka muka taka har gida da shi a goshinta, tana gaida duk wanda muka gamu da shi a hanya.